Gabas ɗin Kaka

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni: ni ne yaron da aka ce wa ya yi gabas, ya yi gabas ɗin, kuma ya ɓata. Yau ga furfura har a gira, amma in ka tare ni a titin Jidda ka tambayi hanya, da hannu zan nuna maka, ba za ka ji sunan kusurwa a bakina ba. Karatuna bai wuce allo ba, allon ma bayana ya fi kaina riƙe darasin.

Wani ƙyalle ne ya tayar min da zancen. Da aka rushe unguwarmu Karantina muka kwashe komatsai zuwa unguwar Mahjar, jikata tana zazzage adakar marigayiya tsohuwata sai ta zaro shi. Akoko ne da ya koma ruwan ƙasa, ga tambura shuɗɗa jere a jikinsa, yana warin kafur. Da na faɗa mata ko mene ne, sai ta nuna min a wayarta wai yanzu ma akwai masu bin tsofaffin hanyoyi da ƙafa, suna ɓoye akwati a gindin dutse, wanda ya gano ya buga hatimin ciki a littafinsa. Na ce mata kakana ya riga su, shi da ko takalmin kirki ba shi da shi.

Kaka, mahaifin babana, da ƙafa ya baro ƙasar Hausa yana saurayi. Ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga, can aka haifi babana, sannan suka ƙetaro teku. Ɗinki yake yi a Karantina, amma ƙafarsa ba ta taɓa yarda ta zauna ba. Duk sanyi sai ya rufe keke ya bi tsohuwar hanyar ayari da ta nufi Madina, ga motoci suna wucewa yana kallonsu kamar sun ci masa bashi. A kusa da kowace rijiya ya binne gwangwanin halawa a ƙarƙashin duwatsu. A ciki akwai hatimi da ya sassaƙa daga tsohuwar taya, da ɗan ƙullin shuni. Kowane gwangwani da nasa zane: wannan almakashi, wancan tsuntsu, wani buta. Inda yake kuwa ba a rubuta shi, da baki ake faɗa maka. Samarin unguwa, har da 'yan Chadi da Nijar, sukan zo shagonsa ya kwatanta musu, su tafi su dawo da ƙyalle a cike. A wurinsa wanda ya gano gwangwani ya gano ruwa, wanda ya san ruwa kuwa ya san hanya.

Ni da shi abokan faɗa ne, kamar kowane jika da kakansa. Yakan ce ina zagaya masa mata, kakata kuma ta ce ai ni ne sabon ango, shi ya tsufa. Shekarar da na matsa sai na bi shi, babana ya ƙi, ya ce abokan tafiyar tsohon duk sun mutu ko sun zauna, ga ƙafarsa tana kumbura. Kakata ce ta raba gardama, ta ce gara ya tafi da kishiyarsa da ya tafi shi kaɗai.

Kwanakin farko daɗi ne zalla. Iska mai sanyi da safe, ƙanshin shayi a kan itacen ƙaya, ni ina tono kamar ɓera. Sai in tofa yawu a shuni, in shafa wa hatimi, in danna a ƙyallena, Kaka ya duba ya ce ko akuya aka ba wa za ta fi ni daidaita shi. Da muka wuce garin Usfan ƙasa ta fara baƙi. Wata asuba na ta da kabbara ina kallon inda gari ke wayewa, sai na ji an murɗe min kunne an juya ni, hasken ya koma kafaɗata ta hagu.

"Juyo gabas, kai jaki," in ji shi.

Na yi dariya a cikin cikina. Na ce tsohon nan ya fara ruɗewa, ga inda rana ke fitowa yana juya ni wani wuri. Ni ɗan Jidda ne, a wurina gabas ita ce sharg ta Larabawa, mafitar rana. A Karantina kuwa alƙibla da mafitar rana wuri guda suke, ban taɓa sanin suna rabuwa ba.

Da hantsi a ranar muka isa wata rijiya muka tarar ta ƙafe. Na jefa dutse, ƙura ce ta amsa. Salkarmu saura maƙurwa, ƙafar Kaka kuma ta yi suntum har takalmi ya ƙi fita. Ya zauna a inuwar wata ƙaya, ya ce kada in damu, akwai wata 'yar rijiya kusa, ba ta ƙafewa. In tsaya a bakin wannan, in fuskanci gabas, in miƙe har in ga dutse mai kama da raƙumi a gurfane. Gwangwani yana bayansa, ruwa yana gabansa. Ya rataya min salka, ya ba ni guga da igiya, ya tura min sauran ruwan ya ce shi ba ya jin ƙishi. Na yarda, don ni a lokacin ko an ce min kifi na hawa dabino zan yarda in dai akwai abin sha a ciki.

Na kalli rana na bi ta.

In ba ka taɓa shiga harra ba, wato filin baƙaƙen duwatsun nan kamar an ƙone duniya an bar gawayi, ba zan iya sa maka tsoronta a ciki ba. Kowane dutse raƙumi ne a gurfane. Na tona bayan wannan, na tona bayan wancan, farcena ya fashe, abin da na samu kunama ce. Na waiga, babu ƙayar, babu rijiyar, babu sawuna, don dutse ba ya riƙe sawu. Shiru ne irin wanda kake jin jininka yana tafiya a kunne. Na kira Kaka, muryata ta dawo min daga wani gefe kamar wani ne ke kwaikwayona, sai duk labaran aljanun da tsofaffin Karantina ke ba mu suka taso min. Na ruga, igiyar takalmina ta tsinke, na faɗi. Wandona ya jiƙe, kuma ba ruwan salka ba ne, wannan na daɗe da shanye shi. A sama wani tsuntsu yana kewayawa, ba ya ko kaɗa fiffike, yana jira kamar mai jiran a sauke tukunya.

Da na ga mutuwa ce, sai na ce bari in yi sallah, karo na farko a rayuwata ba tare da an kore ni zuwa gare ta ba. Na yi taimama a kan dutse, na miƙe, na rasa inda zan kalla. Nan kunnena ya tuna min, don har lokacin yana zafi. Juyo gabas. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana tafiya da Ka'aba a gabansa, gabas a bakinsa alƙibla ce, ko rana ta fito ta ina. Mun riga mun yi arewa, Makka ta koma kudu da mu, gabas ɗinsa ta bi ta, tawa ta tsaya a wurin rana.

Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Na jira rana ta karkata, na sa ta a fuskata, na dawo ina ɗingishi da ƙafa guda babu takalmi. Allah ya taimake ni na hango ƙayar.

Kaka ba ya ƙarƙashinta.

Wannan tsoron ya fi na harra. A can kaina nake ji wa, a nan kuwa na ga fuskar babana da ta kakata. Sai na lura da wani layi da aka ja a rairayi, na sanda da na gwiwa, ya nufi alƙibla. Ya gaji da jirana ya ja jiki ya bi ni inda ya aike ni. Na bi layin da gudu. Dutsen bai ma yi nisa ba, kuma wallahi raƙumi ne sak, har da tozo. Ga Kaka kwance a bakin 'yar rijiyar, hannunsa ɗaya a rataye ciki, ruwa yana ƙyalli a ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Gugar tana kafaɗata. Ƙuda yana yawo a leɓensa bai kore shi ba.

Na zura guga na jawo ruwa, na zuba masa a fuska, na ɗiga masa a baki ina kiransa da duk sunan tsokanar da na sani. Sai can maƙogwaronsa ya motsa. Ya buɗe ido ɗaya ya kalle ni, ya kalli wandona.

"Ashe kai ka samu ruwa tun a can," in ji shi.

Na fashe da kuka. Ya ce halas, ya isa haka, in kawo gwangwani. Da kansa ya jiƙa shuni, ya danna hatimin a ƙyallena, har zanen ya zame. Washegari wani makiyayi ya ɗora shi a jaki zuwa bakin titi, muka dawo a bayan mota. Bai sake bin hanyar ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa a gida inda na yini ba.

Yanzu jikata in za ta yi sallah waya take ɗagawa, kibiya ta juya mata. Hausa tana ji, amma da Larabci take amsawa, kalmar gabas kuwa ban taɓa jinta a bakinta ba. Shagon Kaka fili ne, gwangwanayen ban san ko tsatsa ta bar ko ɗaya ba. Ta ɗora yatsa a kan tambari na ƙarshe, wanda ya zame, ta ce wannan zanen mene ne. Na ce mata raƙumi ne. Ban faɗa mata abin da ya ce bayan ya ɗaga hatimin ba, yana kallona ba da wasa ba, karo ɗaya tak a zamanmu:

"Da ka tarar na cika, ɗan Jidda, ina za ka fuskantar da ni?"