Igiyar da Na Ɓoye wa Malam

Faɗa mafi muni da muka taɓa yi da Malam a kan zakara ne. Jan zakarana, wanda nake kiwo don sunan ɗiyar ƙanwata. Na fito daga madafa na iske gashinshi a bakin zaure, naman kuwa har ya isa gidan liman.

"Wa ya mutu?" na ce.

"Ba wanda ya mutu tukuna, Hure. Shi ya sa na yi sadaka."

Wai wasu Turawa uku ne suka hau kumbo za su wata, wani abu ya fashe masu a hanya, iskar da suke shaƙa tana ƙarewa. A rediyon Sani tela ya jiyo. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ke nan.

"Ka san uwarsu? Ka san ubansu? Ni na aike su? Mutum ya bar ƙasar Allah mai faɗi ya tafi inda ba a gayyace shi ba, sai a huce a kan zakarana?"

Bai ɗaga murya ba, dama bai iya ba. Cewa kawai ya yi, "Ke ba ki taɓa jan numfashi kin ji ba komai a ciki ba. Ni na taɓa."

Kwana uku ban sa mashi man shanu a tuwo ba. Ran Juma'a ya shigo yana washe baki kamar an yi mashi haihuwa, wai sun faɗa teku da ransu.

Ban taɓa kama sunanshi ba yana raye. Mutanen Ƙofar Kaura Garba Mai Yasa suke ce mashi; su suka faɗa, ba ni ba. Yasar rijiya ce sana'arshi, wajen ubanshi ya gada. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ko da wane sabulu ya yi wanka sai ka ji ƙanshin laka a jikinshi. In rijiya ta cushe, ko akuya ta faɗa, shi ake kira. Sai ya fara zura fitila. In ta mutu bai shiga. In ta ci, ya ɗaura igiya a ƙugu, Audu ɗan kawunshi ya riƙe daga sama. Shekara ashirin da wani abu suna haka.

Tun da aka fara maganar 'yan sama jannati ya ɗauke su abokan sana'a. A majalisar tela ana ta musu, wasu su ce ƙarya ce, wasu su ce saɓo ne, shi ba ruwanshi da wannan. Da ya ji cewa in sun fita daga kumbon da igiya ake ɗaure su, abu ɗaya ya tambaya: "To, wa ke riƙe masu?"

Sannan fuka ta kama shi. Rannan Audu ya jawo shi sama leɓɓanshi sun yi fari fat. Likita ya ce in ya sake shiga rami, a tanadi likkafani. A ranar na naɗe igiyar na cusa ta cikin tsohuwar randa a ƙuryar ɗakina, na jera kwanuka a kai. Ya san tana nan. Bai taɓa shiga ya ɗauka ba. Ba irin mazan nan ba ne. Roƙo yake yi.

Shekara biyu yana zaune a zaure yana tufka igiyar awaki. Ina kallo yana ƙanƙancewa. Ban damu ba. Na ce gara ya ƙanƙance a gabana.

Sai shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki. Gari ya cika da motoci masu lasifika, har mu mata aka ce mu fito mu jefa ƙuri'a. Wani ɗan takara ya ga tsohuwar rijiyar unguwarmu, ya ce lallai a yashe ta kafin ranar zaɓenshi. Cikin damina! Wa ke yasa da damina? Ɗan aikenshi ya yi sallama sau biyu, na biyun daga bayan zana na gaya mashi ya ce wa ubangidan nashi ya shiga da kanshi, tun da shi ke neman ƙuri'a.

A kwanakin nan ne kuma rediyo ya ɗauko wata. Wai wani ɗakin ƙarfe da mutanen nan suka zauna cikinshi a sama, suka bar shi ba kowa, yana gangarowa. Ya fi manyan motoci da yawa nauyi, kuma su da suka kai shi ba su san inda zai sauka ba. Tsoro ya shiga mata. Binta maƙwabciyata ta hana 'ya'yanta fita. Masu gaba da juna suka shirya. Ni da ban tsoron kowa, in shirwa ta gifta sai gabana ya faɗi. Malam shi tausayin ƙarfen yake ji. "Sakin igiyarshi suka yi," in ji shi.

Aka ce Laraba zai faɗo. Da safe ya zauna yana shan koko, ya ce, "Hure, ɗaga kanki. Sama nawa ke kanki?"

Na duba. Daga katanga zuwa katanga, ba iyaka.

"To a gindin rijiya, saman da ke kan mutum bai fi faifai ba. Duk Katsina yau ba inda ya kai can tsira."

Da dariya ya faɗa. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ni ce wadda ba a taɓa ƙwara da mudu a Babbar Kasuwa ba, na zauna na auna maganar, na ga ta cika. Ga fili, ga faifai. Shi da ko gudu bai iya yi. Na tashi na sauke kwanukan da hannuna.

Sauran labarin Audu ne ya gaya mani. Fitila ta ci a tsohuwar rijiyar, ya shiga. Kafin azahar sun gama kwashe laka. Audu ya ce ya hau, ya ce a'a. Ya sami wani tudu a jikin rijiyar ya zauna, a nan ya yi salla, yana ta raha, muryarshi kamar ta da. Lokaci-lokaci ya kira, "Audu, ya faɗo?" Audu ya ce tukuna, amma hadari na haɗuwa, ka fito. Ya ce, "Ka je ka gaya wa uwar ɗakina ina nan ina bin umarni." Bayan la'asar Audu ya girgiza igiya, ba a girgizo ba.

Ƙarfen ya faɗi a yammacin nan, can wata ƙasa bayan teku. Ko kaza bai kashe ba.

Wajen zaman makoki kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Wasu ɗan takarar, wasu Audu. Audu bai kare kanshi ba, har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa umarnin wa Malam yake bi ba. Ni ma da bakin nan nawa na yi shiru, na bar shi da zargin. Yanzu ba wanda ya rage sai ni, don haka a rubuta.

Da safiyar Larabar nan, a zaure na miƙa wa Malam igiyar. Ya karɓa da hannu biyu, yana shafa ta. Ya juya zai fita, na kamo hannun rigarshi na ce:

"Saura kuma ka yi mani gaggawar nan taka. Kada ka kuskura ka fito sai abin nan ya faɗo an gama."