Katantanwar Nha Marcelina

Duk wanda ya san Nho Zeferino ya san gwangwanayensa. Na madara ne, goma sha ɗaya, jere a kan taga, cike da katantanwa, kuma in ka kuskura ka taɓa ɗaya ka jawo wa kanka surutun yini guda. Masunci ne a nan tsibirin Boa Vista tun yana saurayi, har gwiwoyi suka ƙi, ya sauka daga jirgi ya koma huda katantanwa yana yi wa baƙi sarƙa. Amma gwangwani na goma sha ɗaya ba na sayarwa ba ne.

Matarsa, Nha Marcelina, ita ta fara gano abin. Tana cikin matan da ke shiga ruwa har ƙugu a lungun tekun bayan gari, su ɗebo yashi a bokiti su sayar wa magina. Ran nan ta dawo da wani ɗan dodon koɗi a tafin hannu, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.

"Kai mai cika baki ka san teku," in ji ta, "to faɗa mini sunan wannan."

Ya juya shi, ya sake juyawa. Kafaɗa mai faɗi, gindi mai tsini, baki dogo siriri, launinsa kamar gasasshiyar masara, ga zobe fari guda biyu sun zagaye shi. 'Yan'uwansa na sauran lunguna zobe ɗaya gare su. Ai kuwa bai san shi ba, ta kuwa shekara tana yi masa tsiya a kai.

Bayan ta rasu ne ya ji cewa in aka gano halittar da babu ita a littafi, ana iya raɗa mata sunan mutum, ya zauna har abada. Gicciyen katakon da ke kan kabarinta kuwa gishirin teku ya riga ya cinye rubutunsa. Daga ranar tsohon nan ba shi da wani buri sai a rubuta Marcelina.

Da ma ya tara masu zobe biyun nan sun fi ɗari biyu a gwangwani na goma sha ɗaya, ya gyara su yadda kowa ke gyarawa a nan: a tafasa, a zaƙulo naman da allura a watsa wa kaji, a wanke tas, a shafe da mai har su yi ƙyalli. Wa zai miƙa wa baƙo abu mai wari?

Ya aika wa masana saƙo ya fi a ƙirga, kafin wata malamar halittun teku, Ivone, ta zo daga birnin Praia. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, maƙwabcinsa Nho Tuta ya biyo shi kallo. Ta daɗe tana duba su da gilashi, tana ƙirga murɗar kansu, tana auna baki.

"Baba, ban taɓa ganin irinsa ba," ta ce. "Mai yiwuwa sabo ne. Amma katantanwa kaɗai tana ruɗi, sai na ga naman da haƙoransa kafin in raba shi da na sauran lunguna. Ina masu nama?"

"Nama? Kaji sun ci, 'yata."

Ta dafe kai. "Wayyo! Da ko guda ɗaya ka jefa cikin barasa don kada naman ya ruɓe, da magana ta ƙare."

"Barasa?" Nho Tuta ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan tsohon? Kwalba ba ta taɓa kwana da saura a hannunsa ba!"

Shi kaɗai ya yi dariyarsa. Zeferino ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, don kunya da baƙin ciki.

Kwana uku shi da Ivone suna zuwa lungun da safe, in ruwa ya janye. Ina! Yashin da abin yake ɓuya a ciki an kwashe shi tun tuni, bokiti bayan bokiti, sai baƙin dutse tsirara. Ivone ta bar masa 'yar kwalba cike da barasa, ta ce in ya samu mai rai ya jefa ya kira ta. Ko ita ba ta iya kallon idonsa ba lokacin da take faɗa.

Shekara huɗu ke nan yana jan ƙafa zuwa can da sandarsa, yana ɗaga duwatsu. Kwalbar tana aljihunsa, bai taɓa kurɓar ta ba, Nho Tuta ma ya daina tsokana.

Bara da damina bangon ɗakinsa ya fara ɓarewa. Yana share ɓaraguzan sai ya hango wani ɗan fari a cikin bulo. Ya sa farce ya kankare: zobe biyu. Ga wani a gefensa, ga wani can sama. Da yashin da Marcelina ta ɗauko a kanta suka gina ɗakin nan, ita da shi, cikin shekara shida.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da bangon. Da Nho Tuta ya leƙo ya ce ya fito su ci abinci, sai ya ce, "Je ka abinka, mutumina. Na same su. Duk suna nan, ba mai rai ko ɗaya."