Irin Gero a Fadamar Kawu

Har yau in na tuna daminar nan sai raina ya ɓaci. Lokacin ina aiki a wani ɗan ofis a Azare, ni da ogana, muna rubuta wa wata ƙungiyar manoma manhajar rabon iri. A fom ɗin rajista akwai akwatin da ake zaɓar irin gona, tudu ko fadama: mai tudu a ba shi gero, mai fadama a ba shi shinkafa. Yaren kwamfutar da muke aiki da shi ba ya ɗaukar wasa. In ka ce dole a cika wuri, aka bar shi fanko, sai ya ja jan layi ya ƙi motsi. Ni kuwa da gangan na sa akwatin nan dole.

Oga ya ga allo ya yi ja, ga shugabannin ƙungiya sun dame shi da kira. Ya ce in cire dolen, in sa "tudu" ya zauna da kansa duk inda ba a faɗi komai ba, ai yawanci gero ake nomawa. Na ce wannan a kan tudu irin su Bulkachuwa ne, mutanen bakin kogi fa? Ya ce taurin kaina ya yi yawa. Na yi tsaki, na yi ƙunƙuni, amma wallahi da hannuna na rubuta. Ja ya ɓace, kowa ya washe baki.

Masu rajista a Katagum, ga rana ga dogon layi, suka ga akwati a cike suka wuce. Wa zai tsaya taɓa abin da ya riga ya cika?

Kawuna tun kafin a haife ni shinkafa yake nomawa a fadamar Katagum. Ni na hana shi ajiye iri, na cika baki na ce na ƙungiya ya fi. Ranar rabo aka miƙo masa gero. Ya yi magana, aka nuna masa waya, ga shi nan an rubuta tudu. Kafin a gyara, ruwa ya shiga fadama, shuka ta wuce.

Ya hau mota har Azare da buhun, ya dire shi a ƙofar ofis. Ko murya bai ɗaga ba.

"Ɗana, yaushe na ce maka gonata tudu ce?"

"Ba ka ce ba, Kawu."

"To wa ya amsa a madadina?"

Oga, ko kunya babu, ya ce sakacin masu rajista ne. Kamar in shaƙe shi! Amma ni na san wanda ya amsa. A ranar na mayar da dolen, allo ya sake yin ja, na bar shi haka. Shekarar nan kawu shinkafar awo ya ci a gidansa.