Motar Da Ke Kallon Gangara

Wanda Ya ba mu aron Malam Labaran Direba Ya karɓi abinSa. Ya rasu ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da hantsi, bayan jinyar kwana tara a asibiti, yana da shekara saba'in da huɗu. Mun sallace shi bayan azahar, muka raka shi makwancinsa. Mu ma na Allah ne, can muka nufa.

Labaran, shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naka, a kan tudun nan na bayan Titin Bauchi. Duk wanda ya san layinmu ya san farar Fijo ɗinka mai dogon baya, ya kuma san yadda kake ajiye ta: hancinta na kallon gangara, tana cikin giya, da dutse a gaban taya, makulli kuma na rataye a ƙusa cikin zaure, inda hannun kowa zai kai. Baƙo yakan ɗauka sakaci ne. Mu mun san dalili. Sanyin Jos yana kashe batir, ciwo kuwa ba ya jira a nemo wani. Mota mai giyar hannu, ko batirinta ya mutu, in an janye dutse aka sa ta a giya ta biyu, ta gangara, aka saki kuloci, sai ta tashi. Da ita aka kai matan layinmu haihuwa. Da ita aka kai mahaifiyata ranar da ta faɗi. Ba ka taɓa tambayar mara lafiya masallaci yake zuwa ko coci ba, har a shekarun da wannan tambayar ta raba maƙwabta a garin nan.

Saɓani ɗaya muka yi da kai, shi ma ya kai shekara goma sha biyu. Da gwiwata ta hagu ta gaza taka kuloci, na sayi otomatik. Ka zagaya ta sau biyu, ka leƙa ciki, ka ce, "Hedimasta, wannan ai ba tuƙi ba ne, zaman kujera ne." Na ce a cunkoson Farin Gada kai kana taka kuloci sau ɗari, ni ina isa gida da ƙafata lafiya; a hawa ba ta zame mini baya; 'yata Fiddausi ma a mako guda ta iya. Ka ce a doguwar gangara giya ce ke riƙe mota, wanda ya dogara da birki kaɗai wata rana zai ji ƙaurinsa. Taka duk bakanike a bakin hanya ya san cikinta, tawa kuwa sai an nemi gwani. Amma kai mai adalci ne. Wata rana ka dawo daga cunkoso kana ɗingishi, ka zauna kusa da ni, ka ce, "Yau ƙafata ta ba ka gaskiya. Bakina dai bai ba ka ba."

A shekarun baya-bayan nan wasan ya fara zame maka damuwa. Samarin layinmu duk da otomatik suka koyi tuƙi, har ɗanka Mahdi. Sau da yawa kakan dubi makullin nan ka ce, "Ranar da ni ne a kwance, wa zai tashe ta?" Ni kuwa in yi dariya. Allah Ya yafe mini wannan dariyar.

Ranar ta zo da safiyar Lahadi, bayan ruwan da ya kwana yana zuba. Ka faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinka ya saki, maganarka ta ɗauke. Matarka Hajiya Kubra ta ƙwala ihu, muka taru. Motar Mahdi ta ƙi tashi, sanyi ya kashe batir. Samari suka tura ta har suka yi gumi, alhali otomatik ba ta tashi da turi. Tawa tana gareji mako uku ana jiran kayan giya. Keke kuwa ba ya hawo mana in ruwa ya ci hanya. Ga Fijo a tsaye, ga makulli, ga maza fiye da goma, babu wanda ya iya ta. Na shiga da kaina, na ɗora ƙafa a kan kuloci, gwiwa ta ƙi. Ban taɓa jin tsufana kamar a wannan kujerar ba.

Sai ga Ulonma, maƙwabciyarmu mai sarin kayan miya, ta fito da kwalliyar zuwa coci. Kai ka koya mata tuƙi shekara ashirin da suka wuce, lokacin da mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar akori-kura da yara huɗu. Ta dube mu sau ɗaya, ta ce, "Baba Hedimasta, sauka. Ku cire dutse, ku sa Oga a baya." Ta tuɓe takalmanta masu tsini ta miƙa wa Hajiya Kubra, ta shiga ba takalmi. Motar ta gangara, ta yi tsalle, ta tashi.

Wannan tashin ya sama maka kwana tara. A cikinsu maganarka ta dawo kaɗan, 'ya'yanka na nesa suka iso, ka nemi gafarar kowa, ka cika da kalmar shahada a bakinka. Ranar da Ulonma ta zo duba ka, ka daɗe kana haɗa kalmomi, muka matso muna zaton wasiyya ce. Ka ce, "Kin saki kuloci da garaje." Ta ce, "Oga, ko yau ma ba za ka ba ni maki ba?" Ta yi dariya, ta fita baranda ta yi kuka.

Bayan addu'ar bakwai, Mahdi ya je ya durƙusa a ƙofar shagon Ulonma, ya kira ta da sunan 'yarta, ya ce, "Mama Oluchi, ki koya mini motar Baba." Jiya da la'asar ina zaune na ji motar ta mutu a hannunsa sau huɗu, a na biyar ta tafi. Da suka dawo ya juya hancinta gangara, ya sa dutse, ya mayar da makulli kan ƙusa. Ka samu amsar tambayarka, Labaran.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kubra, da Mahdi da 'yan'uwansa, da Ulonma, da duk gidan da motar nan ta taɓa tsayawa a ƙofarsa. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Labaran, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya gaggauta da bayinKa zuwa ga magani, Ka gaggauta masa da rahamarKa, Ka sauƙaƙa masa hawan da ke gabansa. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.