Sakin Layin Da Na Soke Ya Kusa Raba Ƙanena Da Asibiti

A lokacin ina gabatar da shirin lafiya a wani gidan rediyo a Garki, kuma ina ji da kaina, domin ba a taɓa kama ni da zarce lokaci ba. A aikinmu, idan labari ya yi tsawo daga ƙasa ake datse shi, saboda an koya mana cewa muhimmin abu yana sama. Hannuna ya saba, har ba na tsayawa nazarin abin da na soke.

Wata Talata aka miƙo mini rahoto a kan kanabidiyol, wani sinadari da ake cirowa daga ganyen wiwi amma ba ya bugarwa. Masu bincike sun ga alamar yana rage sha'awar komawa ga hodar iblis bayan an daina. Da na auna rahoton sai ya haura da daƙiƙa talatin, na soke sakin layin ƙarshe, na shiga na karanta. A wurin da na soke ne aka ce a kan ɓeraye aka yi gwajin, kuma ba a tabbatar da amfaninsa ga mutane ba.

Ƙanena yana cikin masu sauraro. Watansa bakwai ke nan da rabuwa da hodar, yana aiki a wani sito a Idu, kowace Alhamis kuma yana zuwa asibiti ganin likita da zaman tattaunawa. Ranar Asabar na je gaida Hajiyarmu a Kuje, ya tare ni a ƙofar gida yana fara'a, ya nuna mini wata 'yar kwalbar mai da ya saya ta intanet. Ya ce ya huta da layin asibiti da cunkoson hanya, tunda Yaya da bakinta ta faɗa wa duniya an samu magani. Alhamis ɗin da ta wuce ma bai je ba.

Ban yi masa faɗa ba, don laifin nawa ne. Na buɗe cikakken rahoton a wayata na karanta masa har ƙarshe. Sai ya tambaye ni ko ɓerayen ma sai da suka yanki kati suka bi layi. Hajiya ta ce ita dai ɓerayen ɗakin ajiyarta ba su daina komai ba, in akwai man da zai raba su da masararta a taimaka mata. Muka yi ta dariya, amma na lura bai saki kwalbar ba.

Alhamis na nemi izini na raka shi. Likitar ba ta raina binciken ba. Ta ce yana ba da fata, magunguna da yawa ma a kan dabbobi ake fara gwada su, sai dai da sauran aiki kafin a zo kan mutum, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin kwalbar da ba ta da rajista. Da hannunsa ya ajiye mata ita a kan tebur, ya wuce ɗakin tattaunawar. Na zauna a benci ina ta hamdala.

Ogana ya ce in bar zancen, ba wanda ya lura. Na dage, makon da ya biyo baya na buɗe shirin da gyara, na karanta rahoton gaba ɗayansa. Ran nan na zarce da minti guda, ban kuma damu ba.

Bara aka ɗaura wa ƙanena aure, ya yi ƙiba har babbar rigar ta so ta matse shi, kuma har yau bai bar ganin likitarsa ba. Ni kuwa na gane cewa a labarin magani, gargaɗin ƙarshe shi ne rabin labarin. Abokan aikina, ku karanta kafin ku soke. Ku kuma da ke da ɗan'uwa mai fama da wannan jarrabawa, duk abin da kuka ji a rediyo, ko daga bakin wanda kuka fi yarda da shi, ku kai wa likita tukuna, kada ku bari ranar asibiti ta wuce shi.