Goggo Almakashi, Mai Rufa Fuskar Masu Shaida

Kafin kowa ya iso gidan talabijin ɗinmu da safe, Goggo Almakashi ta riga ta zauna a ɗakinta marar taga, can ƙarshen baranda. Takan goge fuskar kwamfutarta da gefen mayafi, ta sa abin saurare a kunne, ta rage fitila. Daga nan gaisuwa sai da ɗaga hannu. Aikinta tace hoton bidiyo: ta yanke, ta haɗa, ta daidaita murya da motsin baki. Mu muka laƙaba mata Almakashi. Ta ce ba komai, gara shi da Reza.

Mu 'yan rahoto kallon bidiyo muke yi yana gudu. Ita tsayar da shi take yi, ta bi hotunan cikinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa. Na sha yi mata ƙorafin jinkiri, har ranar da na kawo mata hirar wata mata.

Matar tana aiki ne a wani sito inda ake ɗura maganin jabu a kwalaye. Jaririn maƙwabciyarta ya sha irin maganin ya mutu, ita kuma ta kasa barci. Wani direban siton da ya taɓa yin magana kafin ta, an tsince shi a kwata da karyayyun hannuwa. Ta yarda ta yi magana in za a ɓoye ta. Muka ɗauke ta ta baya, a ɗakinta, muka sauya muryar. Kowa ya gani ya ce ya yi.

Da la'asar, ana shirin saka rahoton, Goggo ta aiko in zo. Ta tsayar da hoton, ta nuna kusurwa da tsinin biro.

"Ɗana, me ka gani a nan?"

"Kabad ne, Goggo."

"Matso dai."

Iska ce ta ɗaga labule, haske ya faɗa a gilashin kabad ɗin. Ga fuskar matar nan tangaran, har da tabon da ke haɓarta. Bai kai ƙiftawar ido ba. Na jawo kujera na zauna.

"Ba wanda zai lura," na faɗa, don in kwantar wa kaina da hankali.

"Mai kallon labarai ba zai lura ba," in ji ta. "Mai nemanta zai tsayar kamar yadda na tsayar."

Ta ce a jinkirta shirin, shugabanmu ya yarda. Ta dusashe gilashin a kowane hoto, tana bin motsin labulen. Ta rufe zoben hannun matar. Ta cire ƙarar wani injin niƙa mai tari da ke shigowa daga layin gidan matar, don kada a gane unguwar. Sai ta lura matar ba ta gama jimla sai ta ce "ka ji fa". Ta bi ta yanke su duka, daidai inda take jan numfashi, yadda ba wanda zai ji gurbin.

Washegarin fitar rahoton, mai siton ya kulle ƙofa da ma'aikata a ciki. Matar ce ta ba ni labari daga baya. An jera su a gaban babbar talabijin, wasu ƙarti biyu suna tsaye a bayansu. Mai siton ya yi ta maimaita hirar, yana tsayarwa, yana matso da hoton, yana kallon fuskokinsu. Ya sa kowace mace ta maimaita jimla ɗaya daga cikin hirar. Da aka zo kanta, ta ce ba abin da take tunawa sai 'ya'yanta biyu da ta bari a makaranta. Ya tsayar da hoton a kan kabad ɗin ya daɗe. Bai ga komai ba sai duhu. Ya ce ta wuce.

Ba a jima ba hukuma ta rufe siton. Matar tana nan da ranta, ta koma ɗinki.

Goggo, ke ce kika tsaya tsakaninta da mutanen nan, alhali ba ki taɓa ganinta ido da ido ba. Ke ce sunanki yake wucewa a ƙarshen shiri lokacin da kowa ya tashi. Ban san adadin waɗanda suke kwana a gidajensu yau saboda haƙurinki ba, ke ma na tabbata ba ki sani ba.

Ƙarshen watan nan Goggo za ta ajiye aiki. Likita ya ce idanun sun gaji. Tun da na ji nake fargaba, don masu shaida ba za su daina zuwa ba, masu farautarsu kuma kullum ƙara wayo suke yi. Na gaya mata haka, ta ce, "To ku turo mini waɗanda za su gaje ni gida in koya musu. Kunnena dai garau yake."

Mun gode, Goggo. Allah ya saka miki, ya bar miki sauran ganinki. Ku kuma masu zama kan irin kujerarta, in an ce ku yi sauri, ku tuna akwai wadda za a jera a gaban talabijin gobe. Ku tsayar da hoton, ku sake dubawa.