Ƙwan Kadan Kawu

Akwai abin da na yi a unguwar New Bell wanda har in koma ga Allah ba zai bar zuciyata ba. Shekarun nan ne na matsin tattalin arziki da muke ce wa kiris, an zaftare albashi, ofisoshi na sallamar mutane. Ni kuwa na gama lise, wato sakandare, ba aiki, sai girman kai da Faransanci.

A gidan kawuna nake zaune, baduku ne mai ɗinka jakunkuna da takalma. Da fata ta yi tsada, sai wani masunci, amininsa na shekara ashirin, ya kawo masa ƙwan kada goma sha biyu daga bakin kogi, ya kiwata don fatarsu. Kawu ya binne su cikin rabin duro da yashi da ruɓaɓɓen ganye, ya ɗiga wa kowanne gawayi a sama.

"Yadda suke kwance, haka za su zauna," in ji shi. "Kada ka juya min ko ɗaya."

Na yi dariya a ciki. Ai mun karanta kaza kullum juya ƙwanta take yi. Bayan mako uku, ran da ya tafi kasuwa, na tone su, na juya tara, na goge gawayin na sake ɗigawa. Ukun ƙasa ne hannuna bai kai ba. Wai ni taimakon tsoho nake yi.

Da lokaci ya yi, muka ji kuka siriri daga cikin yashi. Uku suka fito. Tara shiru. Kawu ya fasa ɗaya, wari ya bugo mu. Ga ɗan abu bai kai ɗan yatsa ba, babban ido, wutsiya a naɗe.

"Ka gani? Tun ranar farko ɗan yake manne wa saman ɓawo. In aka juya, gwaiduwa ta danne shi, shi ke nan." Sannan Kawu ya ce, "Mutumin nan ne ya jijjiga min su a kwalekwale."

Ina tsaye, na bar shi a kan wannan zaton. Da masuncin ya zo, a gabana Kawu ya faɗa masa magana mai ɗaci, bawan Allah yana ta rantsuwa. Daga ranar ko gaisuwa suka daina.

Sai da na yi wata huɗu ina cin tuwon Kawu da wannan a cikina kafin na faɗa masa. Bai zage ni ba.

"Sa takalminka," ya ce. "Ba ni za ka gaya wa ba."

Muka je bakin ruwa. Aka ce ai masuncin ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu, ba wanda ya san hanya. Kawu ya daɗe yana kallon ruwa.

Ɓarnar ƙwai ta jahilci ce, ana yafe ta. Shirun da na yi ne ya raba aminai. Tun ranar na san gaskiya ma tana da lokacinta, in ka jinkirta ta, sai ka rasa wanda za ka kai wa.